Ƙunshin Bara Dewo

A gidan ƙanena har itacen girki wanke shi ake yi. Ba wasa nake ba. Mu ƙabilar Gond ne, mutanen daji a ƙasar Hindu, amma tun da babanmu ya gina garu a kan dutse ya soma karɓar hatsi daga ƙauyuka, sai ya ga bai dace a ci gaba da ce masa ɗan daji ba. Ya kawo wani Birahman, malamin addinin Hindu, daga bakin kogin Narmada, ya ba shi gona da shanu. Shi kuma ya duba littattafansa ya duba, ya gano mana cewa ashe mu jinin Rajput ne, jinin sarakunan yaƙi, ɓata kawai muka yi a daji. Aka rataya wa babanmu zaren tsarki, aka rataya wa ƙanena Sungru, aka sauya masa suna ya koma Karan Sah. Daga ranar aka daina cin saniya, don wurin masu zare saniya uwa ce. Aka daina shan giyar furen mahuwa. Aka soma yayyafa wa itace ruwa kafin a tura shi murhu. Rajput na asali ma ba sa wanke itace, mu da muka zo daga baya ne muka fi su zaƙewa.

Ni dai wankin bai kama ni ba. Lokacin na riga na yi aure a daji, hannuwana da ƙafafuna cike da zanen da ake tsaga wa matanmu, kuma saniyar da na ci ba ta ƙirguwa. Da mijina ya mutu na dawo gida, na tarar babanmu ya rasu, Sungru ne Raja, wato sarki, har ya auri Kesar, 'yar Rajput ta gaske daga arewa. To, Rajput ba ya da yaya mai zane a ƙafa. Saboda haka aka ce ni Sukaro ce, tsohuwar mai rainonsa. Ɗakina yana bayan garken dawaki. Ba na shiga madafa, ba na taɓa tulunsu. Ga shi cikinmu ɗaya, kuma da uwarmu ta mutu ni na goya shi, ni na riƙa tauna masa abinci ina sa masa a baki. Abin yana ci mini rai, ban kuma taɓa ɓoye masa ba. Amma ƙanena ne, ba ni da wani.

Abu ɗaya ne ruwa bai wanke ba, shi ne Bara Dewo, dodon kakanninmu da ke zaune cikin itacen saja a tsakiyar daji. Shi ba ruwansa da zare. Duk shekara biyar sai an yanka masa ɗan maraƙi, kuma dole shugaban gida ya ci. Da manyanmu suka zama masu tsarki sai aka yi sulhu da shi: a ƙunshe tsoka a ƙyalle, Raja ya je a ɓoye ya ɗora ƙunshin a leɓensa, shi ke nan ya ci. Wanda ya ƙi, Bara Dewo ne ke cin sa. Ƙanen babanmu ya taɓa cewa shi ya wuce wannan ƙazanta. Da rawar hannu ya fara, ya bi ya rame, kafin girbi aka ƙone gawarsa.

Shekarar ta zagayo, Sungru ya yi ta ja. Yau damina ce, gobe baƙi, jibi Birahman ya ce ranar ba ta da kyau ga tafiya. Ina kallonsa har ran da ya zo duba dawaki, ya miƙa hannu zai shafa wuyan goɗiyarsa, na ga hannun yana kaɗawa kamar na tsoho. Na jira barorin suka matsa, na ja shi bayan tarin ciyawa.

"Miƙo hannun nan in gani."

"Ba komai, Yaya, gajiya ce."

"Gajiyar me? Wane itace ka faskara? Haka na Baffa ya fara, da idonka ka gani."

"Rage murya mana!"

"Ba zan rage ba. Kai da ka yi ta kashi a bayana yau ka zama jinin sarakunan yaƙi, har ka fi ƙarfin Bara Dewo?"

"Ni na ce na fi ƙarfinsa? Tsoro nake ji, Yaya. Ƙyanƙyami ma nake ji. Kullum sai na ciyar da saniya da hannuna kafin in karya, sannan in je in sa namanta a baki?"

"A ƙyalle ne."

"Ko a ƙyalle ne." Ya dubi hannunsa, ya damƙe shi da ɗayan. "To, na ji. Gobe zan ce farauta za ni. Aika wa tsoho Lamtu na gindin itacen ya nemi maraƙi."

Ba a yi goben ba. Da la'asar sai ga ƙura daga arewa. Bairo Sing ne, yayan Kesar, da mahayansa da karnukan farauta. Wai ƙanwarsa ta aika masa mijinta ba lafiya, ya zo dubiya. Ƙato ne mai gashin baki murɗaɗɗe, mai yawan dariya, irin dariyar da ba ta kaiwa ido. Kowa ya san tun farko bai so auren ba, ubansu ne ya fi ƙarfinsa saboda giwayen da Sungru ya aika.

Washegari aka shimfiɗa musu a tsakar gida. Ina gefe ina tsintar hatsin dawaki, Bairo Sing ya soma ba da labari da ƙarfi, yadda har masu gadi za su ji.

"Suruki, ka san akwai wani Raja na daji can gabas da mu, shi ma mai sabon zare. Ya auri 'yar ƙanwar uwata. Ashe mutumin naka da rana zare, in ya faki ido sai ya tafi gindin wani itace ya lashi saniya. Ka ji shegantaka!"

"Tir," in ji Sungru.

"Na bi shi, na kama shi baki dumu-dumu. Nan gindin itacen na bar kansa. Ita kuwa yarinyar da ta ji wa take kwana da shi, rijiya ta faɗa. 'Yar halak ce." Ya daki cinyar Sungru yana dariya. "Na ji an ce farauta za ka? Da wannan hannun? To, tare za mu. Inda duk ka sa ƙafa, nan zan sa tawa."

Farautar da ba a yi ba ke nan. Daga nan Sungru ya kwanta. Rawar ta bar hannu ta kama jiki duka, kofin ruwa ma sai an riƙe masa. Birahman ya ƙona man shanu a wutar ibada ya fi tulu, ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe, ba abin da ya sauya. Bairo Sing kuwa ya tare a ɗakin. Nan yake ci, nan yake goge takobinsa, a bakin ƙofar yake shimfiɗa. Ni ban san ko dubiya yake yi ko jiran gado ba. Kullum na kalli ƙanena sai in ga Baffa, idon ya faɗa, wuyan ya tsuke.

Ƙafa kaɗai aka yarda in taɓa masa. Wata safiya ina matsa masa ita, Bairo Sing ya leƙa waje yana yi wa wani bara tsawa, Sungru ya yi magana ba tare da ya motsa kai ba.

"Yaya, Bara Dewo yana zuwa mini. Ko ido biyu nake ina jin ƙamshin ganyen saja a ɗakin nan."

"Yi shiru."

"Mutuwa zan yi. In na tafi wurin itacen Bairo Sing ya sare ni, in na zauna Bara Dewo ya cinye ni. Ki yi wani abu. Ke ce fa kike cire ni daga komai."

Hawaye ya gangaro masa ya shiga kunne. Na ɗauki kwando na ce wa masu gadi ganyen magani zan samo wa Raja.

Tsoho Lamtu shi ne mai kula da itacen, daga kakansa ya gada. Na same shi a ƙofar bukkarsa yana shan kunun gero, ko tashi bai yi ba.

"A'a, 'yar gidan masu wanke itace! Kin wanke ƙafarki kafin ki tako mini ƙasa?"

"Baba, bar wasa. Sungru na bakin mutuwa."

"Wane ne Sungru? Ni Karan Sah na ji ana faɗa. Maraƙin nan tun yaushe yake cin ciyawata yana jiransa."

Na gaya masa komai. Ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya ce tun da ba ƙi ya yi ba, tsare shi aka yi, Bara Dewo zai karɓa ko daga nesa. A yanka a gindin itacen, ni in kai ƙunshin. Amma sai ya taɓa leɓen kafin rana ta faɗi. In ta faɗi, naman ya zama nama kawai, kuma ba a yanka masa sau biyu a shekara.

Muka ja maraƙin zuwa itacen. Fari ne tas. Wurin shiru, ko tsuntsu ba ya kuka a can, kuma ko da rana tsaka sanyi gare shi. Na juya baya har Lamtu ya gama. Da na waiwayo na ga tsokar da ya yanko daga kafaɗa, da fatarta, da farin gashin a jiki.

"Baba, da gashin? Cire fatar nan mana! In an kama ni sai in ce na barewa ne."

"Ke ma kin fara zama Birahman? In ba gashi, ta ina zai san nasa ne aka kai? Haka kakana ya yanka, haka zan yanka."

"Kashe ni za ka yi."

"Ni ba na kashe kowa. Ɗauki ki tafi, rana ta karkata."

Ya naɗe ta a farin ƙyalle. Na tura ƙunshin ƙasan kwando, na danne da ganye mai ɗaci, na kama hanya. Ban taɓa sanin hawan dutsen nan yana da tsawo haka ba. Duk wanda na gamu da shi sai in ga kamar kwandon yake kallo. Ƙudaje suka soma bi na. Ina korar su, suna dawowa, ga jini ya fara tsattsafowa ta ƙasan kwandon yana taɓa mini gashi. Dabarata ita ce in na zo matsa masa ƙafa, in sa ƙunshin cikin tsumman goge gumi in shafa masa a fuska. Ko ƙiftawar ido ba za a yi ba an gama.

Masu gadin ƙofa ba su kula ni ba. Na shiga tsakar gida, sai na ja na tsaya. An fito da Sungru a kan gadonsa ya sha iskar yamma. Kesar na zaune a wajen kansa da mayafi, cikinta ya fito. Birahman na gefe. Bairo Sing yana kan kujera, mahayansa a tsaye, karnukansa kwance a ƙafarsa. Rana kuwa ta kusa taɓa bakin garu.

Na sunkuyar da kai zan raɓa ta jikin bango. Karen farko ya ɗaga hanci. Kafin in yi taku biyu sun yo kaina gaba ɗaya, ɗaya ya dafa mini ƙirji, na faɗi, kwandon ya kife. Ganye ya watse. Ƙunshin ya gangara ya tsaya a fili, rabinsa ja.

Bairo Sing ya daka wa karnukan tsawa suka ja baya. Ya taso a hankali, yana murmushi.

"Ke tsohuwa, mene ne wannan?"

"Nama ne, ranka ya daɗe. Na barewa. Wani maharbi ya sammini."

"Barewa?" Ya zare takobi, ya sa tsininsa ya buɗe ƙyallen. Farin gashin nan ya bayyana. "Malam Birahman, zo ka ga farar barewa."

Birahman ya leƙa, ya ƙwalla ƙara ya toshe hanci. Kesar ta rufe fuska. Mahayan suka dafa takubbansu. Ni kuwa fitsari ne ya kuɓuce mini, ina jin ɗuminsa yana bin ƙafata, ban ma ji kunya ba saboda tsoro.

Bairo Sing bai ƙara kallona ba. Sungru yake kallo.

"'Yan daji suna cin saniya, wannan ba labari ba ne. Amma mai ci yakan gasa abinsa a daji. 'Yar tsoka ɗaya, a sabon ƙyalle, a hawo da ita har gidan Raja? Na taɓa ganin irin ƙunshin nan, suruki." Ya juyo gare ni. "Wa za ki kai wa?"

Na dubi ƙanena. Jikinsa na rawa har gadon yana ƙara, bakinsa a buɗe. In na ce nawa ne, ba za a yarda ba, kuma ko an yarda za a jefar da ƙunshin, rana ta faɗi, Bara Dewo ya gama da shi. In na yi shiru, shirun ya ba da amsa. Tsakanina da gadon bai fi tsawon tabarma ba.

Ban san lokacin da na wawuri ƙunshin ba. Na yi kukan kura na faɗa kan gadon, na danna wa Sungru shi a baki da ƙarfina duka, ina ihu.

"Kai zan kawo wa! Ci, ɗan banza! Ci, mai zare! Ni na goya ka, ni na share maka majina, ka girma ka ce hannuna ƙazanta ne! Ka ajiye ni da dawaki! Tulun gidanka ya fi ni daraja! To, yau ga ƙazanta, in ga da wane ruwa za ka wanke!"

Da niyyar yaudara na fara, amma kafin in kai ƙarshe kuka nake da gaske, don ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da na haɗiye kawai shi ne cewa cikinmu ɗaya. Aka fizge ni ta gashi, aka buga ni da ƙasa. Na ɗago na ga jinin a leɓensa, na ga rana ba ta gama nutsewa ba.

Tsakar gida ta rikice. Kesar tana kuka tana kiran a kawo ruwa. Birahman, wanda gonarsa da shanunsa duk a hannun Sungru suke, ya yi maza ya ɗaga hannu.

"Ku saurara! Abin da aka yi wa mutum da ƙarfi ba laifinsa ba ne, yana wankuwa. Azumi, da wanka a Narmada, da sadakar shanu, shi ke nan. Raja yana nan da tsarkinsa. Maƙiyiya ce ya ajiye a gidansa."

Bairo Sing ya tsaya yana murɗa gashin baki. Ya dube ni, ya dubi Sungru, ya sake dubana. Na ga bai gama yarda ba.

"Mu ba ma kashe mace," ya ce. "Amma hannun da ya kai saniya bakin Rajput ba ya kwana a jikin mai shi." Ya juya takobin ya miƙa wa Sungru ƙotar. "Kai aka ci wa mutunci, suruki. In maƙiyiyarka ce, ai ba sai an taya ka ba."

Wannan ban yi lissafinsa ba. Na ɗauka duka ne da kora. Aka jawo turmin daka magani aka kife shi, mutum biyu suka danne ni, aka miƙar da hannuna na dama a kai. Na shiga ihu ina roƙo, ina kiran uwarmu da ta daɗe a ƙasa. Duk jarumtar ta tafi. A raina ina cewa ai Sungru ba zai iya ba, mutumin da ko zama ba ya yi sai an tallafe shi. Zai ce a kore ni daji, zai ce ya yafe saboda goyon da na yi masa, zai samo wata magana. Ko kuma ya kasa, Bairo Sing ya gane, a haɗa mu duka biyu.

Sungru ya goge bakinsa da bayan hannu. Ya sauko da ƙafafunsa ƙasa, ya miƙe tsaye ba wanda ya riƙe shi. Kesar ta daina kuka. Ya karɓi takobin ya tako zuwa inda nake. Na ɗaga kai ina neman idonsa, na samu. Ba fushi a ciki, ba kuka. Fuskarsa irin ta mutumin da zazzaɓi ya saka ce, gumi yana keto masa, numfashinsa ya daidaita. Tsoron ya bar shi.

Ya ɗora kaifin a wuyan hannuna yana auna wurin. Na ƙura wa hannunsa ido, na ga ko gezau ba ya yi. A nan na san Bara Dewo ya karɓa, ƙanena zai rayu. Sannan ya ɗaga takobin.